Daidaita Rediyon Hannu Na Zangon Mita 40: A Fara Daga Lasifika

Wanda ya gama haɗa rediyonsa na karɓar zangon mita 40, wato megahaz 7.000 zuwa 7.200, ya kan ƙosa ya hau murɗa gwangwanayen IF, wato ƙananan taransifoma masu tace zangon tsakiya da rediyo ke mayar da sigina a kai kafin ta zama sauti. Kada a yi haka. Gwaji daga ƙarshe ake faro shi, mataki bayan mataki, a taho har eriya.

Maganar nan a kan rediyo ce mai SA602 guda biyu, wato IC masu gauraya sigina, da LM386 mai ƙara ƙarfin sauti, da IF na kilohaz 455. Kafin a dasa su, a auna wuta a ƙafa ta 8 ta mazaunin SA602. Kada ta wuce bolt 8, shi ya sa ake sa 78L05, mai tsayar da wuta a bolt 5, a gabanta. Bayan an dasa, rediyon da ke shiru bai kamata ya ja fiye da miliyamfa 20 ba. In ya ja 80, a kashe nan take, a nemi dalmar da ta haɗe layi biyu ko kafasitar da aka juya wa ƙafa.

Sai sauti. A taɓa ƙafa ta 3 ta LM386 da ɗan ƙarfe, lasifika zai yi gurnani. In ya raunana, a sa kafasita mai maikurofarad 10 tsakanin ƙafa ta 1 da ta 8, ƙarfin zai tashi daga ninki 20 zuwa 200.

Osileta, wato sashen da ke samar da zangon da ake gaurayawa da sigina mai shigowa, ita ce ke cin lokaci, kuma ta cancanci hakan. Ba kowa ke da na'urar ƙidayar zango ba, amma ƙaramin rediyon gajeren zango mai lambobi ya wadatar. A ajiye shi kusa, a kai shi megahaz 7.555, wato 7.100 a ƙara kilohaz 455 na IF. In osileta tana daidai lokacin da allon rediyonka ke nuna 7.100, shuuu ɗin zai ɗauke ɗif. In ta yi ƙasa, a ɗan wara nadin wayar da ke kan zoben osileta, in ta yi sama a matse shi. Da an dace, a shafa jan farce ya riƙe. A ba ta minti 15 ta ɗumama kafin kowane awo. Zafin Zariya na watan Afrilu yana sa zango ya riƙa zamewa, don haka kafasitocin da ke kewaye da ita su zama masu alamar NP0, waɗanda zafi ba ya sauya awonsu. Na tsinto daga tsohon allo da ba a san irinsu ba su ne tushen yawancin wannan matsala.

Yanzu aka iso gwangwanayen. Masu gyaran rediyo a Sabon Gari ba sa rasa su a matattun rediyoyi: rawaya, fari da baƙi na 455 ne, jan kuwa na osileta ne, ba zai yi ba. A kama sigina mai rauni, a murɗa a hankali, kwatan zagaye kawai, har ƙara ta kai ƙololuwa, a fara da na kusa da lasifika. Sigina mai ƙarfi tana ɓoye ƙololuwar. Kuma da sukudireban roba ake yi. Na ƙarfe yana sauya awon, yana kuma fasa ƙwayar ferayit, in ta fashe a ciki sai dai sabon gwangwani.

A mita 40 da ɓarin ƙasa na sigina (LSB) ake magana, amma tun da osileta tana sama da siginar, ɓarin ya juye. Saboda haka BFO, osileta ta biyu mai fito da murya, ta zauna wajen kilohaz 453.5. In muryoyi sun ƙi fita duk yadda aka murɗa, nan za a duba.

A ƙarshe a ɗaura eriya bayan magariba, a kan batir, a cire cajar waya da inbata daga kusa, don hayaniyarsu tana binne komai. Kukan FT8, saƙon da kwamfutoci ke aika wa juna ta rediyo, a wajen 7.074 alama ce mai kyau ta gyara allo. A daidaita kewayen shigowar eriya a kansa, a kula kada a kama inuwar, wato wata sigina da ita ma kan shigo, da ke kilohaz 910 sama da inda ake nema.