Kon ɗin askirim: aikinmu a Ƙofar Kaura

Shagonmu ƙarami ne, nan kusa da Ƙofar Kaura a Katsina. Askirim muke sayarwa, amma abin da na fi ba muhimmanci shi ne mazubinsa, wato kon, biskit ɗin nan mai siffar mazurari. Da hannunmu muke toya shi.

Ƙullun fulawa ne da sukari da ƙwai da madara da ɗan bota. A zuba ludayi guda a kan ƙarfen gashi mai zanen raga, a rufe. Da ya yi ja sai a ɗauke shi da zafinsa, a naɗe a jikin wani itace mai tsini, a matse bakin ƙasa da yatsa. Nan gwanintar take. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: in ka yi jinkiri kaɗan ya sha iska, karyewa zai yi a hannunka. Duk yaron da ya zo koyo sai yatsunsa sun saba da zafi kafin in bar masa ƙarfen. Muna ɗiga narkakken cakulan a tsinin don ya toshe ramin, kada askirim ya zubo wa yaro a riga.

Tsabta ce ta sa na riƙe wannan sana'a da daraja. A Landan ta ƙarni na 19, masu talla a ɗan ƙaramin kofin gilashi suke zuba askirim. Mutum ya lashe ya miƙo, a ɗauraye sama-sama a ba na gaba, har aka gane hanya ce ta yaɗa cututtuka irin su tarin fuka, hukuma ta hana. Dole aka nemi mazubin da ba a dawowa da shi. A 1903 wani ɗan Italiya mazaunin New York, Italo Marchiony, ya yi rajistar na'urar da ke fitar da ƙananan kofuna da ake ci. Shekara guda bayan haka, a babban bajekolin duniya na birnin St. Louis a Amurka, kon ya yi suna. Mutane da dama sun ce su suka fara naɗe shi a wurin. Wanda aka fi ambata shi ne Ernest Hamwi, ɗan Siriya mai sayar da zalabiya, wata irin siririyar waina mai zaƙi.

Mu nan amfaninsa a fili yake. Ba wanke-wanke, ba cokali, ba robar da za a yar ta toshe kwata da damina. Yaro ya sha na sama, ya cinye mazubin, hannunsa ɗaya kuma yana riƙe da babarsa.

Wahala akwai ta. Daga Maris zuwa Mayu ciniki ke tashi, lokacin ne kuma firiza ta fi shan man janareto in an ɗauke wuta. Da hunturu kasuwa takan kwanta. Damina kuwa kon ɗin take bugawa: danshi na shigarsa ya yi laushi, shi ya sa yana hucewa muke jera shi a bokiti mai murfi, mu rufe ruf.

Sai Sallah. Ranar hawa, masu dawowa daga kallo a Ƙofar Soro sukan cika mana shago da yara, kowa da sabon ɗinki da kuɗin barka da Sallah a hannu. Tun ana saura kwana biyu muke fara toyi, ƙarfe biyu a wuta, saboda ranar ba wanda ke da sukunin naɗi.