Alhamdulillah an sallami Umma, idonta ya tsira

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun jiya nake son rubuta wannan amma gajiya ta hana, yau dai na ce ko ba barci sai na yi godiya. Umma ta dawo gida bayan kwana 6 a asibiti, kuma idon da muka ɗauka ya tafi yana gani, Alhamdulillahi ala kulli halin.

Abin ya fara ne da ciwon kai gefe guda, tana cewa goshinta na dama kamar ana zuba mata garwashi, ko gyale ya taɓa wajen sai ta yi ƙara, mu kuma ba ma ganin komai a fatar. Bayan kwana 2 sai ga ƙuraje masu ruwa sun fito a goshin har fatar ido, abin mamaki sun tsaya cak a tsakiyar goshi kamar an ja layi da biro, ko ɗaya bai tsallaka hagu ba. Ni na ɗauka wani ƙwaro ne ya bi ta kanta da dare har na shafa mata wani man ƙaiƙayi da muke da shi a gida, wallahi har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi.

Godiyata ta farko ga Antin da ke maƙwabtaka da mu ce, nas ce, ta shigo gaida Umma kawai. Tana haska fuskar da fitilar waya ta ga ƙurji ɗaya a kan tsinin hanci, nan take fuskarta ta canza ta ce ku tashi yanzu ba gobe ba. Anti Allah ya saka miki da alheri, ya raya miki zuri'a. Ashe jijiyar da ke kaiwa tsinin hanci reshenta ɗaya da wadda ke kaiwa cikin ido, in ƙurji ya fito a nan to akwai yiwuwar ciwon ya shiga idon.

Likitar ido ta ce sunan ciwon zosta, kuma ƙwayar cutar ƙarambau ce, wannan dai ƙarambau da ake yi ana yara. Bayan mutum ya warke ba ta barin jiki, tana laɓewa a jijiya shekara da shekaru, sai girma ya zo ko garkuwar jiki ta yi rauni sannan ta farka ta bi jijiya ɗaya ta fito, shi ya sa gefe guda take kamawa. Umma ga shekaru ga ciwon suga. Ta ce maganin asiklobiya ya fi aiki in an fara shi cikin awa 72 da fitowar ƙurajen, mu muna cikin kwana na biyu. Ina tsaye ta ɗiga wa Umma wani ruwa mai launin ruwan lemo a ido ta kunna shuɗin haske, wuraren da suka ji rauni a gilashin idon suka fito kore shar, na riƙe hannun Umma ina ta karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Likita na gode da haƙurinki, tambaya ɗaya na yi miki ita kusan sau huɗu ba ki taɓa ɗaure fuska ba.

Kwanciyar ta zo ne saboda sosa, ƙurajen sun fashe wata ƙwayar cutar ta fata ta shiga, wajen ya kumbura yana mugunya ga zazzaɓi, dole aka haɗa da maganin kashe bakteriya ta jijiya. Nas-nas ɗin dare da ke wanke ciwon a hankali suna lallaɓa ta suna kiranta Mama, ban san sunayenku duka ba amma Allah ya sani.

Yaya na gode da zirga-zirga ba dare ba rana. Autarmu kuma ita ta karɓi aikin agogo, maganin sau 5 ake sha a yini, ba ta bari an tsallake ko ɗaya ba tunda aka koma na haɗiya. Matar Yaya ki yi haƙuri da muka hana ki shiga, kina da juna biyu kuma ba ki tuna ko kin taɓa yin ƙarambau ba, ruwan ƙurajen yana iya sa wa wanda bai taɓa yi ba ƙarambau, na san kin ji zafin zaman nesa kina ta aiko da saƙo ta waya. Yanzu sun bushe sun yi ɓawo, likita ta ce za ki iya zuwa.

Duk wanda ya kira, ya zo dubiya, ya yi addu'a a ɓoye, Allah ya bar zumunci ya ba marasa lafiyarku lafiya. Sai dai kar ku gaji da mu dan Allah, har yanzu goshin na mata zugi musamman da dare, an ce wannan raɗaɗin jijiyar yakan ɗauki watanni a wajen tsofaffi, kuma sati mai zuwa za mu koma a auna ƙarfin ruwan idon. A ci gaba da sa Umma a addu'a.