Tarihin Rayuwata, kashi na 9: Ragowar fim da nake ajiye wa Damagaram

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da wannan mako. Wancan kashi mun tsaya inda maigidana ya sallame ni da albarka, ya miƙa mini tsohuwar kyamararshi Yashica, na kama ɗan shago a Zango ina ɗaukar hoton katin ɗan ƙasa da na 'yan lakwal masu jarabawa, ranar Asabar da Lahadi kuma biki da suna.

To ban daɗe da buɗewa ba sai ga karyewar sefa ta watan Janairu 1994, kuɗinmu ya rasa rabin darajarshi dare ɗaya, mu kuma masu hoto komai namu daga waje yake zuwa, fim ne, takarda ne, ruwan wanki ne, batir na filasha ne, duka suka ninka. Mai kala dama ba a nan nake wankewa ba, direban Kano nake ba ya kai labo ya dawo mini da shi, ga kuɗin mota ga na wanki ga tukuicin direba. Fim guda hoto 36 yake ci, kowane ɗaya kuɗi ne, ba kamar yanzu da yaro zai danna waya son ranshi ya goge ba. In na gama biki sau da yawa biyu ko uku suna ragewa, abokan sana'a su kan nemi 'yan mata a ƙofar gidan biki su ƙarasa a kansu su samu na cefane. Ni sai na koma ajiye ragowar nan, a hanyar komawa gida in ga inda ake aiki, ko gina ko shimfiɗa gudron ko kafa turken kuran, in tsaya in ɗauka.

Maigidana ne silar abin. Wata rana na kai mishi gaisuwa ya fiddo wani tsohon hoto baƙi da fari na ganuwar Birni, wurin da yanzu ko alamarta babu sai gidaje, ya ce mini "kai yaro, amarya ko ba kai ba wani zai ɗauke ta, amma gari ba shi da dangin da za su biya mai hoto." Na ce Baba to wa zai saya? Ya ce ba na sayarwa ba ne, ka rubuta ranar a baya ka ajiye. Allah ya jiƙanshi da rahama, har yau da bik nake rubuta rana da unguwa a bayan kowane ɗaya, kilishe kuma, wato fim ɗin da aka wanke, suna cikin akwatin ƙarfe saboda gara.

Abu na farko da na ɗora wa kaina shi ne hawa dutse. Duk wanda ya san Damagaram ya san garin duwatsu ne, to akwai wanda na zaɓa, duk shekara bayan damina kafin hazo ya sauko nake hawa, lokacin iska a wanke take kana hango nesa, in tsaya wuri guda in fuskanci gefe guda. Na farko-farko za ka ga gari ya ƙare gonakin hatsi sun fara, ga zangarniya ga rumbu. 'Yan shekaru kaɗan gonakin sun zama parsel an kafa duwatsun iyaka, sai tubalin ƙasa, sai bulo, sai kwano yana walƙiya har inda ido ya tsaya. An ce ƙidayar 2001 ta samu mutum sama da dubu 170 a garin, ta 2012 sama da dubu 230, ni dai a takarda ban iya lissafin ba amma in na jera hotunan nan a tabarma ina ganinshi da idona. Garin da ya riƙe babban birnin Nijar har 1926 kafin Nasara su maida shi Yamai, mutane suna ta cewa an bar shi baya, alhali shi bai daina faɗi ba ko shekara guda.

Amma inda fim ɗina ya fi ƙarewa wallahi a kan ruwa ne, kuma nan nake so ku yi haƙuri da ni in daɗe. Dutsen nan da muke alfahari da shi, shi ne ya zauna ƙarƙashin gari, ka gina rijiya ka tarar da shi, shi ya sa ruwan da muke sha daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Machaya ta kudu, daga Arunguza ta arewa, daga baya aka ƙara gaba har Ganaram. Gari yana ƙaruwa ruwa yana biye da shi a baya yana haki. In bazara ta kama, watan huɗu watan biyar, unguwannin tudu sai su kwana biyu pampo bai ɗiga ba, in zai zo kuma sai tsakar dare, za ka ga mata da yara sun jera bido tun magariba, layi ya zagaye lungu, kowa ya san nashi da ɗan tsumman da ya ɗaura a hannu, 'yan garuwa kuma kuɗin kura ya hau har mai iyali ya rasa yadda zai yi. Inna ta sha tashe mu cikin dare mu tafi tarbe, don haka ba labari aka ba ni ba.

Ɗaukar wannan hoto ba sauƙi. Da dare ne, sai da filasha, kuma matan aure ne a wurin, ba ka haska matar mutum haka kawai. Na kan sallama in nemi babbar da ke wurin in ce Inna don Allah bidon kawai zan ɗauka ba fuska ba. Wata tsohuwa ta ce mini "ɗana, in ka ɗauka ruwan zai zo?" Na ce a'a Inna, amma jikokinki za su ga yadda kuka sha wuya. Ta yi shiru sannan ta gyara lulluɓi ta ce to ɗauka har da ni. Hoton nan yana nan, tana tsaye ta dafa bido ga layi ya miƙe bayanta cikin duhu, ban taɓa sayar da shi ba kuma ba zan sayar ba.

Shi ya sa da aka fara aikin jawo ruwan arewa, Shinuwa suka zo da manyan tiyo a kan kamiyo, na rufe shago na hau kabu-kabu na bi hanyar Tanut. Ranar buɗe aiki masu hoto ba su ƙirguwa, kowa yana turereniya ya samu manya suna yanka ƙyalle, ni kuwa abin da ya dame ni shi ne kafin ranar, leburori cikin rami har ƙirji rana tana dukansu, mai walda ya rufe fuska, mai tuwo da ta biyo shantiye da tukunyarta, shato, wato babban tankin ruwa, tun yana ƙarafuna tsirara kafin a rufe shi. Waɗannan mutane ba mai kiran sunansu a rediyo, kuma da yawansu in na koma na kai musu hotonsu sai ka ga mutum ya riƙe da hannu biyu yana kallo, wani ya ce tunda yake ba a taɓa ɗaukarshi yana aiki ba sai na kati. Ruwa ya ƙaru gaskiya, unguwanni da dama sun samu sauƙi, amma ban daina ɗaukar layin bido ba don sababbin unguwanni sun ci gaba da tsirowa inda tiyo bai kai ba.

Sauran ayyukan zan bi su da sauri. 18 ga Disamba 2006 aka yi bikin jamhuriya a nan, shi ne farkon zagayawa da shi jiha-jiha, gari ya sha fenti da gyara. Watan Oktoba 2008 Shugaba Tandja ya aza tubalin matatar mai a arewa da gari, wajen kilomita 50 kan hanyar Tanut, na je na ɗauki fili fetal da ƴan ƙayoyi, sannan 28 ga Nuwamba 2011 aka buɗe matatar, wadda ake kira SORAZ, tana tace ganga dubu 20 a rana, ɗanyen mai yana tahowa ta bututu tun daga Agadem sama da kilomita 400. Can ba a barin ka matsa da kyamara, daga bakin hanya na tsaya, kuma na girmama dokarsu. Tsakanin nan jami'a ta samu a 2010, yaranmu da dole sai Yamai suka fara karatu a gida, ni wannan ya fi mini daɗi har raina don ƙanwata tana cikin waɗanda suka amfana.

A daidai wannan lokaci kuma sana'ar da kanta ta juya, kyamarar nimerik ta shigo, waya mai hoto ta biyo baya, direban Kano ya daina karɓar fim ɗina don labo suna ta rufewa. Na sayi ƙaramar nimerik da kuɗin adashi, yanzu babu maganar ragowa, ina ɗauka yadda nake so, sai dai ciniki a shago ya ja baya sosai har na fara tunanin ko in koma wata sana'a.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan ba ku labarin kasuwar Dole kafin a yi mata sabon gini, da Zinder Sabuwa ta 2018, wato shirin gyaran gari na bikin jamhuriya, da yadda 'yan kasuwa suka riƙa zuwa shagona suna tambaya ko ina da hoton tsohuwar rumfar mahaifinsu. Akwai wanda na samo mishi, akwai wanda har yau ina dubawa cikin akwati. Ku huta lafiya.