Daga Harare zuwa Zvishavane, a kan sawun kwamitin Pearce

Tashar Mbare ta riga ta cika maƙil tun kafin rana ta fito, 'yan kamasho suna ta kiran sunayen garuruwa, mata kuma suna sauke kwandunan tumatir da ganye daga manyan motoci. A nan na shiga bas mai zuwa Gweru, domin in ga garuruwan da suka yamutse a watan Janairun 1972, lokacin da Birtaniya ta turo kwamitin Lord Pearce ya ji ko mutanen Rodeshiya, wato Zimbabwe ta yau, sun amince da yarjejeniyar da aka ƙulla a kansu. Ita kanta unguwar Mbare, wadda a zamanin ake kira Harari, tana cikin wuraren da aka yi tarzoma.

Hanyar ta ratsa Chegutu da Kadoma da Kwekwe, gonaki dama da hagu har iyakar ganin ido. Wanda ya kalli wannan ƙasa mai albarka ba zai wahala ba wajen gane abin da ake jayayya a kai, domin dokar filaye ta 1969 ta raba ƙasar kusan gida biyu daidai, rabi ga Turawa da ba su wuce 250,000 sosai ba, rabi ga baƙaƙen fata kimanin miliyan 5. Ian Smith, firaministan gwamnatin Turawan ƙasar, ya ayyana 'yancin kai daga Birtaniya na gaban kansa a ranar 11 ga Nuwamba 1965 don kada mulki ya koma hannun masu rinjaye. A Nuwamban 1971 ministan harkokin wajen Birtaniya, Alec Douglas-Home, ya zo Salisbury, wato Harare ta yau, ya sasanta da shi: kujerun baƙaƙen fata a majalisa, waɗanda suke 16 a gaban 50 na Turawa, za su riƙa ƙaruwa sannu a hankali gwargwadon yawan waɗanda suka cika sharuɗɗan dukiya da ilimi, sannan Birtaniya ta ba da fam miliyan 50 na raya ƙasa cikin shekara goma. Ba a sa ranar da mulki zai sauya hannu ba. Abin da ya rage shi ne sharaɗin da Birtaniya ta gindaya wa kanta tun farko, cewa tilas duk wata yarjejeniya ta samu karɓuwa a wurin al'ummar ƙasar baki ɗaya.

A Gweru, a wani ɗan gidan abinci kusa da tasha, na zauna teburi ɗaya da wani dattijo mai farin gashi, sanye da tsohuwar kwat, muna cin tuwon masarar da suke kira sadza da miyar nama. Na gaishe shi, na ce, "Baba, ko kana tuna zuwan kwamitin nan?" Ya ajiye lomarsa ya dube ni. Ya shaida mini cewa yana saurayi a ƙauyensu lokacin, kuma abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne yadda Turawan suka zauna da tafinta suna bayanin sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya, jama'a suka saurara har ƙarshe cikin ladabi, sannan suka ɗaga murya suka ce a'a, alhali kowa ya san baƙin za su koma gida, jami'in gunduma kuwa yana nan.

Wannan shi ne abin da Smith bai yi tsammani ba. Ya dogara da sarakunan gargajiya da gwamnatinsa ke biya albashi, kamar yadda ya yi a taron sarakunan da ya kira a Domboshawa a 1964, yana ganin mutumin karkara ba shi da ra'ayi sai na sarkinsa. Shugabannin 'yan kishin ƙasa, Joshua Nkomo da Ndabaningi Sithole da Robert Mugabe, duk suna tsare, jam'iyyunsu kuma haramtattu ne. Amma a Disamban 1971 aka kafa ƙungiyar African National Council ƙarƙashin Bishop Abel Muzorewa da Rabaran Canaan Banana, cikin 'yan makonni kuma malaman makaranta da limaman coci da ma'aikata suka isar da saƙon ƙin yarjejeniyar lungu da saƙo.

Daga Gweru na kama ƙaramar mota ta Shurugwi. Bayan garin hanya takan gangara ta Boterekwa, kwana bayan kwana a gefen dutse, direba yana taka birki, fasinjoji sun yi tsit. Zvishavane, wato Shabani ta da, tana bayyana ne da tarin farar ƙasar da aka tono daga ramukan ma'adinin asbestos, masu tsayi kamar duwatsu. A nan 'yan sanda suka buɗe wuta a kan ma'aikatan ma'adinai a kwanakin farko na aikin kwamitin. A kusa da nan kuma, a gonarsa da ke maƙwabtaka da makarantar mishan ta Dadaya, aka kama Garfield Todd, firaministan ƙasar daga 1953 zuwa 1958, tare da 'yarsa Judith, saboda sun goyi bayan masu cewa a'a. Haka aka tsare Josiah Chinamano da matarsa Ruth.

Ina tsaye a gindin tarin ƙasar nan na tuna mutanen Mubi da Dikwa, waɗanda a Fabrairun 1961 aka ajiye musu akwatin ƙuri'a ƙarƙashin sa idon Majalisar Ɗinkin Duniya suka zaɓi shiga Najeriya maimakon Kamaru. Mutanen Rodeshiya ba a ba su akwati ba, sai dai su faɗi ra'ayinsu a gaban baƙo, shugabanninsu na kurkuku, kuma a ganina wannan tauye haƙƙi ne babba. Duk da haka Pearce da mutanensa sun cancanci yabo, domin rahoton da suka fitar a Mayun 1972 ya duba zargin da gwamnati ta yi cewa an tsorata jama'a ne, ya ce hakan bai isa ya soke amsar ba: Turawa sun yarda, mafi yawan baƙaƙen fata sun ƙi. Birtaniya ta karɓi hukuncin, ta bar takunkumin da ke kan Rodeshiya yana aiki, ta kuma bar Smith a kan kujerarsa. A Disamban shekarar mayaƙan ZANLA, dakarun sunƙuru na 'yan kishin ƙasa, suka kai hari gonar Altena a arewa maso gabas, yaƙi ya kankama, bai kuma tsaya ba sai bayan taron sulhu na Lancaster House a Landan a 1979.