Hala mai ƙin tashi in ta ɗau zafi: ga inda aikin ya kai

Salam 'yan uwa masu koyon gyaran mota da hannunsu, ya aiki ya zafi? Ga bayanin inda na kai kan Honda Hala (Accord) ɗin nan tawa, ƙirar 1992 mai injekta, injin 2.2, wadda take ƙin tashi in ta ɗau zafi. Alhamdulillah an gano bakin zaren, amma hanyar da aka bi nake so in baje muku, don ita ce za ta yi muku amfani ko da motarku ba Honda bace.

Ciwon dai ga yadda yake. Da safe ki ɗaya ta tashi ba gardama, a hanya ma lafiya lau, ba ta katsewa ba ta jijjiga, allurar zafi tana inda ta saba zama. Amma ka kashe ta ka shiga shago ko masallaci ka fito, sai kik ya yi ta juya inji gir gir gir amma ba za ta kama ba. Ka buɗe ƙofofi ka barta ta sha iska na ɗan lokaci, sai ta tashi kamar ba ita ba. Lokacin hunturu abun bai cika faruwa ba, amma daga Maris zuwa Mayu da zafin Kano ke haura digiri 40, kusan kullum sai ta yi.

Abun da yasa irin wannan ciwon ke cin kuɗin mutane shi ne kafin a kai ta gareji ta riga ta huce, bakanike ya murza ki ta tashi, to me zai gwada? Sai a koma canki-canka, yau ace fiyul famfo ne, gobe ace koyil, jibi ace birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa inji. Ni banga laifinsu sosai ba gaskiya, ba a nuna musu ciwon a lokacin da yake ci ba ne. Shi yasa na haɗa 'yan kayan gwaji na barsu cikin motar: mitar awon wuta, tsohon fulogi mai kyau, sifana lamba 10, sukudireba, guntun waya da tocila. Duk inda ta ƙi tashi nan ne garejina, a nan take zan gwada kafin ta huce.

Tambayar farko da za ka yi wa kanka: injin yana juyawa da ƙarfinsa ko kuwa da ƙyar yake ja? Wannan ya raba matsalar gida biyu tun kafin ka taɓa komai. In da ƙyar yake juyawa, ko kaji "ƙas" kawai shiru, to ka nufi batir da kik da wayoyinsu. Wayar tagulla tana ƙara taurin wucewar wuta in ta yi zafi, kusan kashi 0.4 cikin 100 a kowane digiri, to kik ɗin da ya tsufa ko kan batir da ya yi tsatsa sai su iya aiki da sanyin safiya su gaza da rana. Batir mai cike yana nuna volt 12.6 a mita, kuma lokacin da ake bada kik bai kamata ya sauka ƙasa da 9.6 ba. Nawa ya wuce wannan gwajin, injin na juyawa da gudunsa, na rufe wannan babin.

Saura wuta da mai. Na fara da wuta don ita ta fi sauƙin gani. Ka zare wayar fulogi ɗaya ka saka tsohon fulogin nan, ka kwantar da shi jikin ƙarfen inji, wani ya bada kik kai kana kallo. Don Allah kar ka riƙe da hannu, kuma kar ka bar wayar a sake ba fulogi ba komai kana bada kik, hakan na iya kashe koyil. A irin waɗannan Honda ɗin akwai wani ɗan abu da ake ce wa iginaita a cikin distributa, shi ke yanke wa koyil wuta yana sakewa, kuma in ya tsufa shi ma zafi na kwantar da shi. Koyil ɗin kuwa wasu a cikin distributa yake wasu a waje, ya danganta da shekarar motar. Alamar da ta fi bambanta iginaita ko koyil ita ce sukan kashe mota ana cikin tafiya ma, tawa kuwa ba ta taɓa mutuwa a hanya ba, sai an kashe ta da hannu take ƙin dawowa. Wannan bambancin na riƙe shi a raina.

Na kuma tambayi birenbos ko yana da ƙorafi. A irin wannan Honda ɗin ba sai da na'urar sikanin ba, akwai wani ɗan soket shuɗi mai baki 2 a ƙarƙashin dashbod ɓangaren fasinja, ka haɗe bakin biyun da guntun waya ka murza ki zuwa ON, sai fitilar cek ta fara ƙifta maka lamba, doguwar ƙiftawa 10, gajera 1. Lamba 6 sensar zafin ruwa ce, 4 da 8 da 9 sensocin cikin distributa ne, 15 kuma siginar wutar fulogi. Tawa ba ta ajiye ko ɗaya ba. Duk da haka na auna sensar zafin ruwan da mita, mai waya biyun nan da ke zuwa birenbos, ba mai waya ɗaya da ke motsa allurar dashbod ba, mutane na yawan haɗa su. Da sanyi tana bada tsakanin om 2,000 zuwa 3,000, in inji ya yi zafi sosai ta sauko tsakanin 200 zuwa 400. In ta lalace tana ce wa birenbos inji na da sanyi alhali yana tafasa, sai ya yi ta zuba mai har fulogi su jiƙe, kaji warin fetur, in ta tashi kuma baƙin hayaƙi ta salansa. Sensar tawa ta bada awo daidai, fulogin ma a bushe suke ƙamas.

To bushewar fulogin nan ita ta juyo da ni ɓangaren mai, kuma a nan ne nake so ku tsaya ku karanta a hankali.

Kafin ka bada kik, murza ki zuwa ON kawai ka tsaya, kashe rediyo da fanka, ka saurara. A mota mai lafiya za kaji "ƙas" a ƙarƙashin dashbod kusa da sitiyari, sai fiyul famfo ya yi "zuuu" daga baya wajen tanki na daƙiƙa 2, fitilar cek ta mutu tare da wani "ƙas" ɗin na biyu. In ka bada kik sai na uku. Ku je ku saurari naku yau tun tana lafiya, don in baka san muryar lafiya ba ba za ka gane ta ciwo ba. Ni da safe ina jin duka, amma ranar da ta ƙi tashi da azahar sai naji "ƙas" ɗin amma famfon shiru. Na zura hannu ƙarƙashin dashbod na ɗan ƙwanƙwasa akwatin da ƙarar ke fitowa da bayan sukudireba, na sake murza ki, sai ga "zuuu", ki ɗaya ta tashi. Wallahi daɗin da naji a lokacin ba kaɗan bane.

Akwatin shi ne men rile, wato babban makunnin da ke sakin wuta da kansa in an murza ki. Bai cika tafin hannu ba, yana can sama ɓangaren direba ɗaure da noti lamba 10, soket ɗinsa ƙafa 7, sai ka kwanta rigingine kanka wajen feda kafin ka ganshi. A cikinsa rile biyu ne, ɗaya na ba birenbos da nozul wuta, ɗayan na ba fiyul famfo. Duk wutar famfon ta ƙafafunsa take bi, kuma ƙafafun da dalma aka liƙe su jikin ɗan allon da ke ciki. Shekara sama da 30 yana zafi yana hucewa, ga girgizar hanya, dole dalmar ta gaji ta tsage, tsufa ne kawai. Da sanyi bakin tsagar na taɓa juna wuta ta wuce, in ya yi zafi ƙarfen ya motsa tsagar ta buɗe. Kuma ku lura, ba zafin inji ne ke kwantar da shi ba, zafin cikin mota ne, shi kanshi ya ɗumama da aiki sannan ka rufe gilasai ka barta a rana inda cikin mota kan wuce digiri 60. Shi yasa buɗe ƙofofi ke tada ta, kuma shi yasa masu watsa wa inji ruwan sanyi suke wahalar banza, ga haɗarin tsaga kan silinda.

Don in tabbatar ba dace bane, washegari da safe motar na sanyi na ari handiraya a cikin gida na hura wa akwatin iska mai zafi, na murza ki, famfo shiru. Na barshi ya huce, famfo ya dawo. Daga nan ban ƙara shakka ba.

Gyaran kansa ba wuya. Cire kan batir na negatif tukuna, ka kwance notin ka zare soket, ka ɓamɓare 'yan haƙoran murfin a hankali da ƙaramin sukudireba don robar ta tsufa tana iya karyewa, sai allon ya zaro. Da ido kawai za ka ce lafiyarsa lau. Sai da na haska tocila ta gefe na jawo hoton da kyamarar waya sannan naga abun: dalmar ta yi toka-toka ba ƙyalli, kuma zagaye da manyan ƙafafun akwai siririyar tsaga kamar faso a dunduniya, har ɗaya in ka taɓa ta da tsinke tana ɗan motsi. Na zuƙe tsohuwar dalmar, na shafa fulos (man da ke sa dalma ta kama), na sa sabuwa irin 60/40 ɗin nan ta masu gyaran rediyo wadda ke narkewa wajen digiri 190. Sirrin shi ne ka ɗora bakin ƙarfen sodar ya taɓa ƙafar da allon tare su yi zafi, sannan ka kawo dalma ta narke ta kwanta da kanta, ba wai ka narka ta a bakin ƙarfe ka ɗiga a kai ba. In ta yi kyau za ka ganta tana ƙyalli ta hau ƙafar ta zagaye ta. Na bi duk ƙafafun har waɗanda basu tsage ba, kuma na duba da kyau kar dalma ta haɗe layi biyu. Wanda bai taɓa soda ba ya fara koyo a tsohon allon rediyo, ko ya kai wa mai gyaran waya, aikin 'yan mintuna ne a wajensu. Ana samun men rile na Beljiyam a Ƙofar Ruwa ko Panteka ta Kaduna, amma ku tuna shi ma sa'an naku ne a shekaru, in kun saya ku buɗe ku duba dalmarsa kafin ku ɗaura.

Tun da na maida shi nake gwada ta da gangan, in yi tafiya mai ɗan nisa in ajiye ta a tsakiyar rana gilasai a rufe, in dawo in murza, ƙas, zuuu, ƙas, ta tashi.

Wani ɗan uwa da muke koyo tare yace tashi motar tana tashi da zafi amma sai ta daɗe tana juyi. Wannan wani ciwon ne daban, galibi matsin mai ne ke zubewa bayan an kashe inji. Layin injekta na aiki da matsi wajen psi 40, kuma ana so ya riƙe wani abu bayan an kashe, in ya zube ta bawul ɗin famfo ko ta nozul mai ɗiga sai fetur ɗin da ke kan inji mai zafi ya zama tururi. Ka murza ki ON ka maida, ka maimaita kafin kik, in ta tashi da sauri to can ne. Ka kuma zare ɗan tiyon iskar da ke kan regiletar matsin mai, in kaga fetur a ciki robarsa ta fashe. Masu kafireto kuma, irin 504 da wasu Hala ɗin 2.0, duk wannan zancen men rile ba naku bane, ku mai ne ke tafasa a cikin kafireton ya malala, ku danne totur har ƙasa ku riƙe, kar ku yi ta famfa shi, ku bada kik.

Abun da ya rage min yanzu biyu ne. Da na buɗe wajen tamostat, abun da ke tare ruwa har inji ya ɗau zafi, na tarar babu shi, an cire tun kafin motar ta zo hannuna kamar yadda aka saba yi a nan, ni kuma ban yarda da wannan al'adar ba don inji na daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, birenbos ya yi ta ƙara mai. Zan maida mai buɗewa a digiri 78 bayan na wanke lagireto na tabbatar fanka na tashi da kanta. Sai saitin bawul, wanda a wannan injin da hannu ake yi kuma sai inji na sanyi, 0.26 na milimita a na shigar iska, 0.30 a na fitar hayaƙi, don in sun matse suma suna rage matsin inji in ya yi zafi. Fila gej ɗin awon tazarar bawul na riga na saya, gasket ɗin murfin sama nake nema, wanda ya taɓa yin saitin a Hala ya faɗa min ko tsohon gasket ɗin ya sake zama masa ko sai da ya canza.