Iskandariyya, garin da ruwa biyu suka matse

Duk wanda ya taɓa zama a Alƙahira ya san yadda Misrawa ke ɗokin Iskandariyya da zarar zafi ya kama. Daga watan Yuni kowa sai maganar tafiya bakin teku, mai hali da mara hali. A shekarun da nake karatu a can, cikin irin wannan ayari na fara zuwa, a jirgin ƙasa daga tashar Ramsis, tafiyar kilomita 200 da 'yan kai. Mutane na zuwa don su yi wanka a teku su sha iska. Ni abin da ya riƙe ni har na riƙa komawa shi ne yadda aka zaunar da garin kansa, domin ban taɓa ganin wurin da ƙasa da ruwa suka tsara wa mutane rayuwarsu ƙiri-ƙiri haka ba.

Garin dogo ne siriri, kamar rawanin da aka warware aka shimfiɗa a bakin ruwa. Ta arewa Bahar Rum ne, ta kudu tafkin Maryut, a tsakaninsu kuma wani tudu ne na farin dutse da ya miƙe daga gabas zuwa yamma. A kan wannan tudu mutum sama da miliyan 5 suke zaune. Tsawonsa ya haura kilomita 30, amma a wasu wuraren kana iya ratsa faɗinsa da ƙafa ba ka gaji ba. Shi ya sa manyan hanyoyinsa duk suke tafiya kafaɗa da kafaɗa: titin bakin teku da suke kira Kurnish, layin taragon lantarki na Ramli a bayansa, sai titin Abu Ƙir, sai layin dogo. Baƙo bai cika ɓata ba. In ka rikice, tsaya ka ji ta inda iska ke bugo ka, can ne arewa, can ne teku. Amma wannan sirantaka ita ce kuma wahalarsa, don in Kurnish ya cushe da yamma a watan Agusta, babu wata hanyar kaucewa ta kirki. Za ka zauna cikin ƙaramar bas, wadda su a can suke ce wa mashru'u, kana kallon masu tafiya ƙasa suna wuce ka.

Iskandar na Makidoniya ne ya kafa garin a shekara ta 331 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma ya san abin da ya zaɓa. Wurin yana yamma da bakin kogin Nilu, nesa kaɗan da inda laka ke toshe mashigin jiragen ruwa. A gabansa akwai wani tsibiri mai suna Faros da ke kare shi daga igiyar ruwa. Magadansa suka gina wata doguwar hanya ta dutse, fiye da kilomita ɗaya, ta haɗa tsibirin da gari. Wannan hanyar ce ta raba ruwan gida biyu, tashar gabas da tashar yamma. Shekaru suka yi ta tafiya, yashi da laka suka yi ta taruwa a gefenta har ta zama ƙasa sosai, mutane suka gina gidaje a kai. Unguwannin da ke tsakanin Manshiyya da Anfushi a yau, inda kasuwanni da lunguna suka fi cunkushewa, a da ruwa ne. Na kan tuna da haka duk lokacin da nake tafiya a wajen.

Nan ne ɓangaren da na fi so. A ƙarshen wannan wuyan ƙasa, ta gabas, akwai ganuwar da Sarki Ƙaitbai ya fara ginawa a 1477 a gurbin tsohuwar hasumiyar fitila mai haska wa jiragen ruwa hanya, wadda girgizar ƙasa ta rushe. Ta yamma akwai fadar Ra'asut Tin, inda Sarki Faruƙ ya sa hannu ya sauka daga mulki a watan Yulin 1952 ya hau jirgin ruwa ya tafi. A tsakani akwai masallacin Abul Abbas al-Mursi, kusa da shi kuma masallacin da kabarin Imam Busiri yake, mai Burda, wanda da yawanmu muka taso muna jin baitocinsa a makarantun zaure. Tashar gabas yanzu ta masunta ce da ƙananan kwalekwale, manyan jiragen kaya suna tashar yamma da Dakhila. Daga ganuwar in ka bi Kurnish ka nufi gabas, za ka wuce sabon ɗakin karatun da aka buɗe a 2002, da Sidi Gabir, da gadar Istanli, har ka dangana da lambun fadar Muntaza. Iya gwargwadon yadda ka yi gabas, haka gine-gine suke ƙara tsawo suna ƙara sabunta.

Sai yanayi, wanda shi ne ya fi ba ɗan ƙasar Hausa mamaki, don komai a juye yake. Lokacin da muke damina a gida, su ko ɗigo ba sa gani. Daga Yuni zuwa Satumba sama tas take, zafin rana yana tsayawa wajen digiri 30 zuwa 31, iskar arewa na busowa daga teku kusan kullum. Abin da ke kawo mutanen Alƙahira ke nan, kuma a zamanin sarakuna har gwamnati kan taso ta yi bazara a nan. Sai dai akwai danshi. Riga tana manne maka a jiki, shanya ba ta bushewa da wuri, gishiri kuma yana cin ƙarfen tagogi da rodin gini a hankali.

Ruwan sama da sanyi yake zuwa, daga wajen Nuwamba zuwa Maris. A shekara bai fi kusan milimita 200 ba, wanda bai kai ko sulusin na Kano ba, amma idan aka gwada da Alƙahira da ke samun 'yan ɗigo, mai yawa ne. Kuma ba a hankali yake sauka ba. Yana zuwa ne da guguwar teku da suke kira nawwa, kuma masunta suna da lissafinta tun kaka da kakanni, kowace da sunanta da makonta: Maknasa a Nuwamba, Ƙasim a farkon Disamba, Faidatul Kabira a Janairu, har zuwa Awwa a ƙarshen Maris. In lokacinta ya matso za ka ga an ja kwalekwale an ɗaure. Na taɓa tsayawa a wata rumfar shayi a Manshiyya ina kallon igiyar ruwa tana tsallake katangar Kurnish tana zuba a kan motoci, mai shayin kuwa ko a jikinsa, ya ce min kwana uku za ta yi ta wuce. A ganina wanda bai ga Iskandariyya a Janairu ba bai san ta ba. Baƙi sun watse, haya ta sauka, garin ya koma hannun masu shi. Amma gidajen ba a gina su don sanyi ba, dare kan sauka ƙasa da digiri 10, ga danshi. Ɗalibin da zai zauna ya tanadi bargo mai kauri da rigar ruwa.

Abin da ke damuna shi ne bayan garin, inda baƙi ba sa leƙawa. Tafkin Maryut da filayen da ke kewaye da shi sun fi teku ƙasa. Manyan famfuna ne a unguwar al-Maks da ke yammacin garin suke ɗaga ruwan suna zuba shi a teku, ba dare ba rana. An cike wani sashe na tafkin an yi hanyoyi da masana'antu, abin da ya rage kuma ya sha dattin gari. Turawan Ingila sun nuna haɗarin wurin tun 1801, lokacin da suka fasa madatsa a wajen Abu Ƙir don su tsare sojojin Faransa, ruwan teku ya malale kwarin ya cinye ƙauyuka. A watan Oktoban 2015 ruwan sama mai ƙarfi ya fi ƙarfin magudanai, tituna suka zama kogi, aka rasa rayuka, gwamnan garin ya ajiye aiki. Ta gaba kuma teku tana ƙara hawa tana cin yashin bakin ruwa, shi ya sa aka jibge dubban tubalan siminti a gaban ganuwar Ƙaitbai da wurare da dama na Kurnish. Masu kuɗi sun riga sun mayar da hutunsu can yamma, wajen Alamain, inda aka yi musu sababbin ƙauyukan shaƙatawa masu shinge. Miliyoyin da ke unguwannin kudu, kusa da tafki, su ne ruwa ke fara shiga wa ɗaki duk sanda famfo ya tsaya ko magudana ta toshe.