Da akwalar dala 1,500 muka bi hanyar Oodnadatta

A ayarin tsofaffin motocin da muka shiga don tara kuɗin sadaka, dokar farko ita ce kada kuɗin motarka ya wuce dala 1,500 na Ostireliya, ta biyu kuma ba a yarda ka zo da mai jan taya huɗu ba. Wato da gangan ake so ka nemo akwala, irin wadda mai ita ya gaji da ita ya jingine a bayan gida, ka ɗauke ta ka shiga da ita dajin Outback inda mutanen da ke zaune a wurin ma ba sa fita sai da manyan motoci masu tsayi da ƙarfen kariya a gaba. Ranar da na shigo da tamu gida uwargida ta zagaye ta, ta leƙa ciki, ta ce "Abban yara, tsakani da Allah da wannan za ka shiga daji? Ai ko kasuwa ban yarda ta kai ni ba." Ban ce komai ba don a lokacin ƙofar baya ɗaya ma ba ta buɗuwa sai daga waje.

Abun ba sabo ba ne a ƙasar nan. A 1985 wani attajiri Dick Smith ya tara abokansa da tsofaffin motoci suka tashi daga Bourke a New South Wales har Burketown can arewacin Queensland, suka tara wajen dala 250,000 wa ƙungiyar Variety mai taimakon yara marasa lafiya da naƙasassu, daga nan Variety Bash ta samo asali kuma har yau ana yi jiha-jiha. Sai kuma wani bawan Allah James Freeman wanda cutar kansa (ciwon daji) ta kashe masa uwa da uba cikin shekara guda, ya fito da nasa a 2010, shi ne mai wannan sharaɗi na mota mai arha, kuɗin kuma na tafiya binciken cutar kansa ta hannun ƙungiyar Cancer Council. Akwai wasu da dama bayan waɗannan. Wanda muka shiga mai irin tsari na biyun ne, mutum biyu a kowace mota, kuma ba tsere ba ne, babu wanda ake ba kofi don ya riga kowa isa.

Abin da mutane ba su sani ba, tuƙin shi ne ɓangare mai sauƙi. Kafin a bari tayarka ta taɓa ƙasa sai kun tara aƙalla dala 5,000 na sadaka, kuɗin mota da na mai kuma wannan daga aljihunku ne. To ni a rayuwata ban iya roƙo ba. Abokin tafiyata, wani Bature da muke aiki tare wanda cutar kansa ta ɗauke masa yayarsa, shi ya iya, ba ya jin nauyin kowa, mun gasa sosej a bakin shagon kayan gini ranar Asabar kamar yadda ake yi a nan in ana neman taimako, mun bi masu ƙananan shaguna suna ba da kuɗi muna manna sitikarsu a jikin mota, mun dami 'yan ofis har suka fara kauce mana a wajen shan shayi. Kuma a nan na fara gane dabarar akwalar. In ka ce wa mutum ya taimaka wa binciken cutar kansa zai ce Allah ya ba da lada ya wuce, amma in ka nuna masa hoton motar nan ka ce da ita za ka Alice Springs can tsakiyar ƙasar ta hanyar burji, sai ya yi dariya ya zaro waya ya tura dala hamsin, rabi don tausayi rabi don yana so ya ji inda za ta mutu. Wani ma cewa ya yi zai ninka in muka wuce garin Port Augusta da ke farkon hanya.

Mun wuce ɗin. Daga Adelaide muka tashi cikin watan Mayu, lokacin da zafi ya karye, don babu mai hankalin da zai shirya irin wannan a Janairu, a Oodnadatta ɗin nan ne aka auna zafi digiri 50.7 a farkon 1960. Filin tashi kamar bikin mahaukata, motoci an yi musu fenti kala-kala, wata da ƙahon sa a bonet, wata an lulluɓe ta da ciyawar roba, manyan mutane da furfura sun sa rigar barkwanci. Aka raba mu rukuni-rukuni, 'yan motoci kaɗan a kowane, kowa da rediyon oba-oba, aka ce doka ɗaya ce: in mota ɗaya ta tsaya duk rukunin sun tsaya.

Muka bi ta gefen duwatsun Flinders har Marree, kuma a nan ne na tsaya fiye da yadda 'yan rukunina suka so. Ƙauye ne ɗan mitsitsi, tsohuwar tashar jirgin ƙasa da kawunan jirgi da suka yi tsatsa, sai wani ɗan gini na ƙasa mai rufin ciyawa da ginshiƙan itace. Masallaci ne. An sake gina shi ne a kan siffar na da, wanda ake cewa shi ne masallaci na farko a duk Ostireliya. Tun daga shekarun 1860 Turawa suka riƙa kawo raƙuma da masu kora su daga Afganistan da yankin da yanzu ake kira Pakistan da arewacin Indiya, saboda doki da sa ba sa jure ƙishirwar wurin, waɗannan bayin Allah su suka yi dakon kayan layin tangarahu da aka gama a 1872 har Darwin, su suka riƙa kai gari da shayi da waya gidajen kiwo suna dawowa da gashin tumaki. Jirgin ƙasan da ake kira Ghan sunansu ya ci. Da manyan motoci suka shigo wajen shekarun 1920 sana'ar ta mutu, aka saki raƙuman a daji, shi ya sa yau Ostireliya ta fi kowace ƙasa yawan raƙuman da ba su da mai su. Na yi azahar da la'asar a haɗe, ƙasaru, ina kallon yamma da ɗan karkata arewa don nan alƙibla take a wajen, abin da har yanzu jikina bai gama sabawa da shi ba. Da na fito abokina yana zaune a kan bonet yana korar ƙudaje, bai ce min mun makara ba, sai ya tambaye ni ko mutanen nan sun koma gida daga baya. Wasu sun koma, wasu sun yi aure a nan, jikokinsu na nan har yau.

Daga Marree kwalta ta yi mana sallama. Hanyar Oodnadatta wajen kilomita 620 ce zuwa Marla, kuma ba haka kawai aka zana ta ba, tana bin jerin maɓuɓɓugan ruwa ne da ke tsattsafowa daga ƙarƙashin ƙasa, hanyar fataucin 'yan asalin ƙasar ce tun fil azal, ƙasar Arabana ce yawancin wannan yanki, sai masu raƙuma suka bi, tangarahu ya bi, jirgin ƙasa ya bi har aka rufe layin a 1980. Kana tafiya kana ganin katakon dogo a zube da tankunan ruwa da suka ruɓe.

Gargada kuwa wallahi ban taɓa ganin irinta ba. Ƙasar ta yi tudu-tudu ƙanana a jere kamar kwanon rufi, kilomita bayan kilomita, in ka tafi a hankali haƙoranka za su zube, in ka taka sosai motar ta riƙa shawagi a sama birki ba ya kamawa, sai ka lalubo wani gudu a tsakiya inda jijjigar take lafawa ka riƙe shi. Ana rage iskar taya kafin a shiga don duwatsu masu kaifi kada su yanka. Ga wata ƙura mai laushi kamar hoda da take cika rami ta daidaita shi da hanya, ba ka sanin rami ne sai ka ji ƙasan mota ya daki ƙasa. Fitila a kunne da rana tsaka, tazara mai yawa tsakaninka da na gaba, oba-oba na ta ƙara, na gaba yana cewa ga shanu a dama, ga kwazazzabo, ga mota na zuwa. Ƙurar nan ja tana shiga ta ko'ina, har cikin jakar da ka zuge.

Madubin gefe shi ya fara faɗuwa, sai salansa, wadda muka ɗaure da waya. Can gaban tafkin Kati Thanda, wanda Turawa ke kira Eyre, fari fat da gishiri iya ganinka kuma wai nan ne wuri mafi ƙasa a nahiyar, wajen mita 15 ƙasa da teku, sai allurar zafi ta haye ja, hayaƙi ya turnuƙe daga bonet. Dutse ne ya fasa lagireto. Babu sabis a waya, babu inuwa ko ta kara ɗaya. Abokina ya faɗa a oba-oba, kafin in gama buɗe bonet duk rukunin sun juyo sun yi layi a gefen hanya. Wata mata mai aikin jinya ta fito da jarkar ruwa, wani manomi dattijo wanda tun safe ban ji muryarsa ba ya kwanta a ƙasa cikin rigar barkwancinsa ya leƙa, ya ce a ba shi filaya, ya matse bututun da ya fashe ya shafa wani gam mai daskarewa, wasu samari biyu kuma ba su iya komai ba sai suka riƙe bargo suna yi masa inuwa. Babu wanda ya duba agogo. Mutanen nan shekaranjiya ban san su ba, kuma na san da a ce kowa a sabuwar jif yake da sanyin AC da sai dai mu ɗaga wa juna hannu a gidan mai. Motar da ba ta lalacewa ba ta haɗa ka da kowa, waɗanda suka tsara abun nan sun san haka sarai.

Da dare a sansani sai wurin ya koma gareji. Makanikai 'yan sa kai da fitila a goshi, janareto na ruri, ana walda, ana ciro kayan motar da ta mutu gaba ɗaya ana sa wa wadda take da sauran numfashi. Wadda ba ta gyaruwa a ɗora ta a tirela, mutanenta kuma a raba su cikin sauran motoci, ba a barin kowa. Sanyi kuma kada ka tambaya, da rana kana gumi da asuba ruwan alwala kamar ƙanƙara. Giya ana sha sosai, ba zan ɓoye ba, ni dai ina gefe da kofin shayina kuma ba wanda ya matsa min, mai dafa abinci ma da ta ji ba na cin naman alade kullum sai ta ware min nawa tun kafin layi. A bakin wuta ne kake gane fentin da rigunan barkwancin rufi ne kawai. Kusan kowace mota akwai suna a rubuce a jikinta ko hoto a manne a gilashin baya. Dattijon da ya gyara mana lagireto matarsa ce. Bai yi dogon bayani ba, ni ma ban tona ba.

Akwai masu cewa, kuma ni ma na taɓa faɗa, me zai hana kuɗin man nan da na taya a miƙa su sadaka kai tsaye a huta? Lissafin yana da kyau a takarda. Amma wanda ya tura mana dala hamsin don ya ga inda za mu maƙale ba zai tura ba in muna zaune a falo. Ga kuma ƙauyukan hanya, irin William Creek da mazaunanta ba su fi a ƙirga da yatsu ba, tana zaune a tsakiyar gonar kiwon Anna Creek wadda ta fi ƙasar Gambiya girma, in ayarin motoci ya sauka ya sha mai ya ci abinci ya kwana ai kasuwa ce ta buɗe musu. Abin da dai ban so ba shi ne yadda wasu ke wucewa ta wuraren 'yan asalin ƙasar da kiɗa da hon kamar ba kowa a wurin, a ɗau hoto a maɓuɓɓugar da wasu ke girmamawa ba tare da an karanta ko allon da aka kafa ba.

Kuma wasa ne mai haɗari, kada hotuna su ruɗe ka. Ba a tuƙi da magariba ko da asuba saboda kangaru da emu (tsuntsu mai kama da jimina) da shanu, in an yi ruwa hukuma na rufe hanyar kuma wanda ya kutsa akwai tara, in ka lalace kai kaɗai ka zauna a jikin motarka kada ka ce za ka taka neman taimako, yawancin waɗanda daji ya ci tafiyar ƙafa ce ta kashe su. Asibiti mafi kusa jirgin sama ne, na likitocin nan masu tashi da John Flynn ya kafa a Cloncurry a 1928, mutumin da hotonsa ke jikin takardar dala 20.

Mun wuce gadar Algebuckina, mun sha mai a shagon nan mai ruwan hoda na Oodnadatta, da muka hau kwaltar Stuart a Marla shirun da motar ta yi har tsoro ya ba ni, na ɗauka injin ne ya mutu. Ta kai mu Alice Springs da ƙafarta, giya ta biyu ba ta shiga, but a ɗaure da igiya. Washegari aka yi gwanjon motocin, kuɗin duk ya tafi asusun, wani saurayi ya sayi tamu wai injin yake so. Na tura wa mai alƙawarin ninkawa hoton allon shiga gari, ya biya kafin mu hau jirgin komawa Adelaide, ya ce badi in za mu sake a sa masa kujera a baya.